DAGA BAKI ZUWA HUHU: DARASI GA MASU JUNA BIYU DA IYALANSU

Gabatarwa

A ranar awo, idan ma'aikaciyar jinya ta tambayi mata ko akwai mai wani koke, abin da aka fi ji shi ne ciwon baya, kumburin ƙafa, ƙwannafi da rashin barci. Da wuya a samu wadda za ta ce dasashinta yana jini, ko akwai haƙorin da ke hana ta tauna. Amma da za a ce kowa ta buɗe baki a duba, da an samu da yawa. Wata tana ganin abin bai kai a faɗa ba, wata kuwa an gaya mata a gida cewa ba a taɓa haƙorin mai ciki, sai ta haihu.

Wannan darasi zai yi bayanin yadda cutar da ta fara a dasashi ko a kogon haƙori take iya gangarawa ta kama huhu, da dalilin da ya sa mai ciki ta fi kowa bukatar kiyayewa, da kuma abin da ya kamata a yi tun kafin ciki ya tsufa. A karanta, a kuma karanta wa wanda bai iya ba.

Me ke cikin baki?

Masana sun gano nau'in ƙwayoyin cuta kusan 700 da ke iya zama a bakin ɗan Adam. Ido ba ya ganinsu, kuma mafi yawansu ba sa cutarwa muddin ana rage su kullum. Idan kika kwana ba ki goge baki ba, ki sa farce ki kankari gindin haƙori, za ki ga wani farin abu mai yauƙi. Wannan ba ragowar tuwo ba ne kawai, tarin ƙwayoyin cuta ne. Idan aka bar shi kwanaki, sai ya taurare ya zama kanta, wadda buroshi ko asuwaki ba sa iya cirewa, sai da kayan aikin asibiti.

Tsakanin haƙori da dasashi akwai wani ɗan lungu wanda zurfinsa a baki mai lafiya bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba. Idan kanta ta taru, dasashi yakan kumbura, ya yi ja, ya riƙa jini. In an ci gaba da sakaci, sai lungun ya ƙara zurfi, ya zama aljihu, ƙashin da ke riƙe da haƙori ya fara zaizayewa, haƙori ya soma girgiɗi. A cikin irin wannan aljihu ne wasu ƙwayoyin cuta da ba sa son iska suke samun mafaka. Su ne ke kawo warin baki da mugunya, kuma su ne darasinmu ya fi shafa. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya nuna cewa sama da mutum biliyan 1 a duniya suna fama da ciwon dasashi mai tsanani.

Me ya sa ciki yake tsananta ciwon dasashi?

Da zarar an samu ciki, jikin mace yakan ƙara yawan wasu sinadarai da ake kira homon, waɗanda ke riƙe cikin. Su kuma suna sa dasashi ya yi laushi, ya cika da jini, ta yadda ɗan dattin da a da bai dame shi ba yanzu sai ya kumbura shi. Yawanci abin yakan fara ne daga wata na 2, ya fi tsanani wajen wata na 8.

Ga kuma laulayi. Amai yana kawo ruwan ciki mai tsami wanda ke cin bayan haƙori. Wata ko warin makilin ba ta son ji, sai ta daina goge baki gaba ɗaya. Wata kuma kwaɗayin ciki ya sa ta wuni tana shan rake, alewa, lemon kwalba ko shayi mai sukari da yawa. Idan waɗannan suka haɗu, watanni tara sun isa su lalata bakin da a da yake lafiya lau.

Hanya ta farko: ta maƙogwaro

A bayan harshe hanya ta rabu biyu, ɗaya ta abinci mai zuwa tumbi, ɗaya ta iska mai zuwa huhu. Akwai ɗan murfi da ke rufe hanyar iska duk lokacin da aka haɗiye wani abu. Idan ruwa ya kuskure ya bi ta can, mukan ce mutum ya ƙware, sai tari ya fito da shi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, akwai ƙwarewar da ba a jin ta. Bincike ya nuna cewa kusan rabin mutane masu lafiya, idan barci ya yi nauyi, ɗan yawu kaɗan yakan zirara ya shiga hanyar iska ba tare da sun farka ba. Huhu yana da masu gadinsa: akwai ƙananan gashi da ke share datti zuwa sama, akwai tari, akwai kuma sojojin jini. Idan yawun ya fito daga baki mai tsafta, sukan gama da shi kafin gari ya waye. Amma idan ya fito daga bakin da dasashinsa ke tsatsar da mugunya, kowane ɗigo yana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu ɗimbin yawa, sai su fi ƙarfin masu gadin.

Abin da ke biyo baya shi ne ciwon huhu, wato namoniya. Idan ba a yi magani ba, cikin mako 1 zuwa 2 wurin da ya kamu yakan ruɓe, ya zama rami cike da mugunya, kamar maruru amma a cikin huhu. Ya fi faruwa a huhun dama, domin bututun iskar da ke zuwa can ya fi faɗi kuma ya fi miƙewa. Wani lokaci mugunyar takan fashe ta taru tsakanin huhu da haƙarƙari, sai an sa roba an zuƙe ta.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun a shekarun 1920 wani likita a Amurka mai suna David Smith ya lura cewa ƙwayoyin cutar da ake samu a marurun huhu irin waɗanda ke gindin haƙori ne. Ya ɗebo su daga dasashin mutane, ya sa a hanyar iskar dabbobin gwaji, sai ga maruru ya fito a huhunsu. Likitoci kuma sun daɗe da lura cewa da wuya a ga wannan ciwo ga tsohon da ba shi da haƙori ko ɗaya, saboda babu lungun da ƙwayoyin za su ɓuya.

Hanya ta biyu: ta ƙarƙashin haɓa da wuya

Wannan ita ce mafi sauri, kuma mafi haɗari. Idan kogo ya ci haƙori har ya kai ga jijiya, mugunya takan taru a saiwarsa. Saiwar matauna na ƙasa, wato haƙoran can ciki, tana kusa da naman da ke ƙarƙashin harshe. Idan mugunya ta huda ƙashi ta shiga wurin, sai ƙarƙashin haɓa ya kumbura ta ɓangarorin biyu, ya yi tauri kamar katako, harshe ya ɗago sama, baki ya ƙi buɗuwa, yawu ya riƙa dalala. Wani likita Bajamushe mai suna Ludwig ne ya bayyana wannan ciwo a 1836, shi ya sa likitoci ke kiran sa da sunansa har yau.

Kumburin kansa yana iya toshe numfashi cikin sa'o'i. In bai toshe ba, mugunyar tana iya bin tsakanin naman wuya ta gangara cikin ƙirji, kewayen zuciya da huhu. Sassan haƙori na manyan asibitocin Arewa sun san wannan ciwo sarai, har ga masu juna biyu, kuma kusan kullum labarin iri ɗaya ne: haƙori ya yi makonni yana ciwo, ana ta maganin gida, sai da numfashi ya fara sarƙewa aka nemi mota.

Hanya ta uku: ta jini

Dasashi mai ciwo kamar buɗaɗɗen gyambo yake. Duk lokacin da aka yi tauna, wasu ƙwayoyin cuta kan shiga jini. Galibi jiki yana kashe su nan take. Amma idan cuta ta yi ƙarfi a muƙamuƙi ko a maƙoshi, tana iya kama babbar jijiyar jini ta wuya, jini ya daskare a ciki, gutsattsarinsa masu ɗauke da cuta su ɓalle su tafi huhu, su haifar da ƙuraje a wurare da dama. Wannan hanya ba ta cika faruwa ba, amma idan ta faru sai an kwantar da mara lafiya.

Me ya sa mai ciki ta fi shiga haɗari?

Na farko, homon ɗin ciki yana sassauta bakin tumbi, ga kuma mahaifa tana tura tumbin sama. Shi ya sa ƙwannafi yake yawa, abinci ya riƙa dawowa maƙoshi, musamman da dare. Duk abin da ya dawo maƙoshi yana iya kwasar dattin baki ya faɗa hanyar iska.

Na biyu, idan ciki ya tsufa, tantanin da ya raba ƙirji da ciki yakan ɗago da kimanin santimita 4, alhali jikin uwa yana bukatar ƙarin iskar oksijin da ya kai kusan kashi 20 cikin 100, domin mutum biyu ne ke numfashi da huhu ɗaya. Namoniyar da wata mace za ta jure a gida tana iya kai mai ciki gadon asibiti. Zazzaɓi mai zafi da ƙarancin iska kuma suna iya tayar da naƙuda kafin lokaci.

Na uku, lokacin haihuwa. A 1946 wani likitan mata a birnin New York mai suna Mendelson ya duba bayanan haihuwa 44,016, ya samu mata 66 da abin cikinsu ya shiga huhu a lokacin da aka sa su barci. Daga irin wannan bincike ne aka samo dokar hana cin abinci kafin tiyata. Saboda haka idan ma'aikata suka ce kada a ba ki komai, 'yan uwa kada su ɓoye kunu ko fura su ba ki don tausayi. In kuma kin riga kin ci, ki faɗi gaskiya.

Na huɗu, jijjiga. Wannan ciwo na hawan jinin masu ciki yana daga cikin manyan abubuwan da ke kashe mata a yankinmu. Mace mai jijjiga ba ta cikin hayyacinta, murfin maƙogwaronta ba ya aiki, yawu da jinin cizon harshe suna taruwa a baki. Idan aka ɗura mata ruwa, ko rubutu, ko jiƙo a wannan hali, kai tsaye huhu zai tafi, tare da duk ƙwayoyin cutar da ke bakinta. Sau da yawa allurar asibiti takan tsayar da jijjigar, amma bayan kwana biyu ko uku sai namoniya ta taso.

Alamomin da ba a kwana da su a gida

A kawo mai ciki asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Kumburin kumatu ko muƙamuƙi da ya sauko ƙarƙashin haɓa ko wuya.
2. Kasa buɗe baki, kasa haɗiye yawu, ko canjin murya.
3. Ciwon haƙori tare da zazzaɓi da rawar ɗari.
4. Numfashi sama-sama, ko sukar haƙarƙari idan an ja numfashi.
5. Tari mai fitar da kaki mai ɗoyi, ko mai haɗe da jini.
6. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa.

Marurun huhu kuwa yakan zo a hankali: tari na makonni, gumin dare, rama da kasala. Waɗannan alamomi sun yi kama da na tarin fuka, don haka kada a yanke hukunci a gida. Duk tarin da ya kai mako 2 a kawo kaki a gwada. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware. Ki kuma gaya wa likita idan kina da haƙori mai ciwo, domin wannan bayani yana iya canza irin maganin da zai rubuta. Maganin marurun huhu yakan ɗauki makonni, kuma dole a shanye shi ko da an ji sauƙi.

Tambayoyin da mata kan yi

Shin cire haƙori yana zubar da ciki? A'a. Wankin haƙori, cike kogo, cire haƙori da allurar kashe zafi da ake yi a dasashi duk ana yin su ga mai ciki. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2006, wanda ya ƙunshi masu ciki 823, ya nuna cewa yi musu aikin dasashi bai jawo wa cikin wata illa ba. Lokacin da ya fi daɗi shi ne daga wata na 4 zuwa na 6, laulayi ya lafa, ciki kuma bai yi nauyin da zai hana zama a kujera ba. Amma haƙorin da ya tara mugunya ba ya jiran wata, ko a wane wata ne sai a yi aikinsa. Barin sa shi ne haɗarin.

Gaskiya ne ɗan da ke ciki yana zuƙe ƙarfin haƙorin uwa? Ba haka ba ne. Abin da ke lalata haƙori a lokacin ciki shi ne datti, sukari da ruwan amai, kuma dukkansu ana iya maganinsu.

Wane magani zan sha kafin in samu zuwa? Farasitamol bisa ƙa'ida, da kuskure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri. Kada ki sayi kafso a kemis ko wurin masu talla. Tetarasakilin yana ɓata haƙoran ɗan da ke ciki. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac suna iya cutar da shi, musamman daga tsakiyar ciki zuwa ƙarshe. Akwai magungunan kashe ƙwayoyin cuta da suka dace da mai ciki, amma likita ne zai zaɓa. A sani kuma, magani kaɗai ba ya warkar da haƙori mai mugunya, yana kwantar da shi ne na ɗan lokaci. Cusa kanwa, garin taba, asfirin ko ruwan batir a kogon haƙori ƙona nama kawai yake yi. Idan zafi ya ɗauke da kansa bayan kwanaki, wataƙila jijiyar ce ta mutu, cutar kuwa tana nan tana cin saiwa.

Hanyoyin rigakafi

1. Ki goge baki sau biyu a rana da buroshi mai laushi da makilin mai sinadarin fuloraid, na tsawon minti 2. Na dare kafin kwanciya shi ne mafi muhimmanci, domin da dare ne yawu ke zirara zuwa huhu.
2. Asuwaki yana da amfani idan an tauna bakinsa ya yi laushi, aka bi kowane haƙori ciki da waje har gindin dasashi. A riƙa yanke bakin da ya tsufa, kada kuma a yi aro.
3. Ganin jini ba dalilin daina gogewa ba ne. Ki ci gaba a hankali. In bai tsaya ba bayan mako 2, ki zo a duba.
4. Bayan amai ki kuskure da ruwa kawai, ki jira kamar rabin sa'a kafin ki sa buroshi.
5. Ki rage kayan zaƙi tsakanin abinci. Kifin da Allah ya hore wa mutanen Argungu da ƙauyukan bakin gulbi, da nono, wake, zogale da ƙwai sun fi miki amfani.
6. Ki ci abincin dare da wuri, ki bar sa'a 2 zuwa 3 kafin kwanciya, ki ɗaga kai da matashi, ki kwanta ta gefen hagu.
7. A zuwanki awo na farko ki ce a duba miki baki.

Sauran mutanen gida

Darasin bai tsaya ga mai ciki ba. A ƙasar Japan an bi tsofaffi a gidajen kula da su har shekara 2. Cikin waɗanda ake goge wa baki bayan kowane abinci, kashi 11 cikin 100 ne suka kamu da namoniya, cikin waɗanda ba a yi wa ba kuwa kashi 19. An buga sakamakon a 1999. Don haka in akwai tsoho a gida, ko mai shanyewar ɓarin jiki, ko mai farfaɗiya, a riƙa tsaftace masa baki kullum, a kuma zaunar da shi sosai kafin a ba shi abinci. Haka ma majinyacin da kuke jinya a gadon asibiti: buroshi yana cikin kayan da za a zo da su.

Jariri kuma kada a yi masa ɗura. Toshe masa hanci a zuba kunu yana kuka hanya ce ta tura kunun cikin huhu. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 da ya rame, ko ya tashi daga ƙyanda, idan aka ga dasashinsa yana jini, bakinsa yana wari, kumatu ya fara kumbura, a gaggauta kai shi asibiti. Yana iya zama farkon cutar noma mai cin fuska, wadda maganin kashe ƙwayoyin cuta ke tsayarwa idan an zo da wuri. Akwai asibiti na musamman domin ta a Sakkwato tun 1999, kuma a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bisa bukatar da Nijeriya ta jagoranta.

Kira ga maigida da uwar miji

Maigida, sau da yawa izini da kuɗin mota a hannunka suke. Kuɗin wankin haƙori ko cire shi ba su kai ko kusa da na kwanciya asibiti da tiyatar wuya ba. Ka kuma yi lissafin hanya. Wanda ke cikin Birnin Kebbi yana kusa da sashen haƙori na wannan asibiti da na Asibitin Sir Yahaya. Amma wanda ke Augie, Gulma ko ƙauyukan fadamar Rima, sai ya fara isa Babban Asibitin Argungu, in kuma aka tura shi gaba, akwai tafiyar sama da kilomita 50 zuwa Birnin Kebbi. A watannin Agusta da Satumba, idan gulbi ya cika, wasu hanyoyin sukan yanke, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020. In haihuwar iyalinka za ta faɗo cikin damina, a gyara haƙorin tun hanya tana bushe.

Inna, ke ce ake jin maganarki a ɗaki. Idan jijjiga ta kama surukarki, a kwantar da ita ta gefen hagu, a kawar da abin da zai ji mata rauni, kada a sa mata cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura mata komai, a nemi mota.

Kammalawa

Iskar da uwa da ɗan cikinta suke rayuwa da ita ta hanci da baki take wucewa kafin ta isa huhu. Baki mai tsafta yana rage abin da zai bi ta. 'Yar uwa, yau da dare kafin ki kwanta ki goge bakinki, idan kuma kin zo awo na gaba ki buɗe shi a duba. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya raba lafiya.